Bindigogin Fadar Katmandu

A cikin shekarar 1871 Gwamnatin Ingila ta zaɓar wa sojanta wata sabuwar bindiga wadda a ke kira Martini-Henry. Sunan mutum biyu ne aka haɗa. Martini, mutumin Suwizalan, shi ya gyara dabarar ɗura ta, Henry kuwa, maƙeri ne na Sikotilan, shi ya fito da irin zanen da ke cikin bututunta. Harsashi ɗaya ta ke ci, sai a sāke ɗurawa. Ita ce a hannun Turawa ran da Zulu suka karkashe su a Isandlwana cikin 1879. Da aka sami bindiga mai cin harsashi da yawa sai aka ajiye ta.

To, akwai wata ƙasa a cikin duwatsu arewa da Indiya, sunanta Nefal, inda sojan Gurka su ke fitowa. Ingila ta ba masu mulkinta waɗannan bindigogi dubbai, su kuma maƙeransu suka ƙera wata mai kama da ita, Gahendra. Da yayinsu ya wuce aka jibge su a wata tsohuwar fada a birnin Katmandu, Lagan Silekhana, aka rufe, ƙura da tsohon maiko suka yi musu riga. Sai a cikin 2003 wani attajiri Bature, Christian Cranmer, ya saye tarin duka, bindiga fiye da 50,000, aka kai Amurka.

Nan fa masu sha'awar tsofaffin makamai suka sami abin yi a lokacin hutunsu. Mutum ya sayi guda baƙa ƙirin, ya kwance ta, ya jiƙa ƙarafan cikin kananzir, ya bi tsatsa a hankali. Ƙotar kuwa ya wanke, ya yi ta shafa mata mai kwana da kwanaki har itacen ya farfaɗo. Mai hankali ba ya harba ta sai gwanin maƙeri ya duba, balle Gahendra, wadda ƙirar hannu ce, ƙarfen wata ba ya shiga wata.

Amma gardama ta tashi a tsakaninsu. Waɗansu suka kankare ƙota da samfefa, suka goge ƙarfe har ya yi walƙiya kamar sabo. Ɓarna ce suka yi. A jikin bindigar akwai kambin sarauta, da haruffan V.R. na Sarauniya Biktoriya, da sunan Enfield inda aka ƙera ta, da shekarar ƙira. A ƙota akwai hatimin ma'ajin makamai na Indiya, ga kuma rubutun mutanen Nefal a jikin da yawa daga cikinsu. Da waɗannan a ke bin sawunta tun daga Ingila har Katmandu, kuma na jikin itacen ba su da zurfi, samfefa ta rabin sa'a ta isa ta shafe su.