BABI NA UKU: SNOOP DOGG DAGA FAGEN WAƘA ZUWA HORAR DA YARA DA MALLAKAR KAMFANONI

3.0 Gabatarwa

A babi na biyu an yi bayani a kan yadda waƙar gambarar zamani, wato rap, ta tsiro a unguwannin baƙaƙen fatar Amurka. A wannan babi kuwa za a ɗauki mawaƙi guda ɗaya, Snoop Dogg, a bi diddigin yadda ya tashi daga matsayin yaron kamfani mai waƙa a ƙarƙashin ubangida, ya zama mai horar da yara wasa, daga bisani kuma ya mallaki kamfanin da ya fara yi wa aiki. Abin da babin zai yi ƙoƙarin nunawa shi ne, waɗannan matakai ba su zo a rarrabe ba. Darasin mallaka da ya koya a 1998 shi ya ba shi damar kafa gasar yara a 2005, gasar kuma ita ta wanke masa suna har manyan 'yan kasuwa suka yarda su haɗa hannu da shi.

3.1 Haihuwarsa da Tasowarsa

Ainihin sunansa Calvin Cordozar Broadus. An haife shi ranar 20 ga Oktoba, 1971, a garin Long Beach da ke kudu da birnin Los Angeles cikin jihar Kalifoniya. A hannun mahaifiyarsa ya tashi, kuma ita ce ta laƙaba masa Snoopy, sunan wani kare na zanen barkwanci da yara ke so. Tun yana ƙarami yana rera waƙa a majami'ar unguwarsu, yana kuma buga ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka, wadda ake sa hular kwano da sulken kafaɗa ana gudu da ƙwallo a hannu. Ya gama makarantar sakandare ta Long Beach Polytechnic a 1989.

Lokacin samartakarsa ya zo daidai da shekarun da hodar ibilis mai araha ta mamaye unguwannin talakawan Los Angeles, ƙungiyoyin 'yan daba na Crips da Bloods suna kashe juna a kan kasuwarta. Shi ma bai tsira ba, domin an danganta shi da wani reshe na Crips, kuma jim kaɗan bayan ya gama makaranta aka kama shi da hodar, ya yi zaman kurkuku. Wannan tarihi yana da muhimmanci, saboda irin waɗannan unguwanni ne ya koma wa bayan shekara goma sha biyar.

3.2 Zamansa a Kamfanin Death Row

A 1992 ne Dr. Dre ya fito da shi a waƙar "Deep Cover", sannan a kundin The Chronic. Kamfanin da ya buga wannan kundi shi ne Death Row, wanda Suge Knight ke jagoranta. A watan Nuwamba na 1993 kundinsa na farko, Doggystyle, ya fito, ya haye matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard, aka sayar da kwafi sama da 800,000 a makon farko.

Sai dai ɗaukakar ta zo da ƙura. A watan Agusta na 1993 mai tsaron lafiyarsa ya harbe wani matashi a Los Angeles, aka gurfanar da su biyun bisa zargin kisan kai. Shari'ar ba ta ƙare ba sai a watan Fabrairu na 1996, lokacin da kotu ta wanke su. A tsakanin nan kuma 'yan siyasa da shugabannin addini da ƙungiyoyin mata suka taso wa irin waƙoƙinsa, suna cewa suna koya wa yara daba da batsa da raina mata. Cikin 1996 ɗin Dr. Dre ya bar kamfanin, aka harbe Tupac Shakur a Las Vegas a watan Satumba, sannan a 1997 aka yanke wa Suge Knight ɗaurin shekara 9.

Babban abin lura a nan shi ne, duk da miliyoyin faya-fayan da aka sayar, asalin naɗin waƙoƙin, wanda daga gare shi ake buga kwafi, mallakar kamfani ne. Sunan mawaƙin ne a bangon faifai, amma dukiyar tana hannun ubangida.

3.3 Darasin No Limit

A 1998 ya bar Death Row ya koma kamfanin No Limit na Percy Miller, wanda aka fi sani da Master P, ya kuma tare a jihar Luwiziyana. Master P mawaƙi ne da ya fara da ƙaramin shagon sayar da faya-fayai. Yarjejeniyar da ya ƙulla da kamfanin Priority ta bambanta da abin da aka saba gani a lokacin: Priority na rarraba kaya kawai, shi kuwa yana riƙe da asalin naɗin waƙoƙinsa, yana kuma ɗaukar kaso mafi tsoka na kuɗin ciniki. Bayan waƙa yana shirya fina-finai, yana sayar da tufafi, yana harkar gidaje.

Snoop Dogg ya yi kundi uku a wannan kamfani, a 1998 da 1999 da 2000. Masu sharhi ba su ɗauke su a matsayin mafi kyawun ayyukansa ba. Amma shi da bakinsa ya sha faɗa a hirarraki cewa Master P ne ya ceci rayuwarsa, ya kuma koya masa kasuwanci. Daga nan ne ya ƙara zurfafa a harkar fina-finai da tallace-tallace. Idan aka yi la'akari da haka, za a ga cewa ribar da ya samu a No Limit ta ilimi ce fiye da ta fasaha.

3.4 Kafa Gasar Yara a 2005

Shigarsa harkar horarwa ta faro ne daga gida. A farkon shekarun 2000 ɗansa yana wasa a wata ƙungiyar yara mai suna Rowland Heights Raiders, a bayan garin Los Angeles, sai uban ya shiga cikin masu horar da ita. A nan ne ya lura cewa yaran unguwannin masu hali suna da filaye da kayan wasa, alhali na tsakiyar birni ba su da inda za su buga, ko kuma kuɗin rajista ya fi ƙarfin iyayensu.

Saboda haka a 2005 ya kafa gasarsa mai suna Snoop Youth Football League, ya zuba mata dala miliyan ɗaya daga aljihunsa. Gasar ta yara ce 'yan shekara 5 zuwa 13, ba don neman riba aka kafa ta ba, akwai kuma sashen 'yan mata masu rawa da kirarin ƙarfafa wa 'yan wasa gwiwa. Abubuwa uku ne suka bambanta ta da tsofaffin gasanni. Na farko, kuɗin shiga bai kai nasu ba. Na biyu, an ɗaura wasa da karatu, yaron da makinsa ya faɗi a makaranta ba ya shiga fili. Na uku, kuma wanda ya fi jawo magana, gasar ta ba wasu iyaye maza da suka taɓa zaman kurkuku damar zama masu horarwa bayan an duba irin laifin da suka yi. Hujjar ita ce, a waɗannan unguwanni idan aka ce duk wanda ya taɓa shiga hannun hukuma ba zai kusanci fili ba, to an kori iyayen yara da yawa ke nan. Wasan ƙarshe na kowace shekara kuwa ana kiransa Snooper Bowl.

Gasar ba ta samu karɓuwa wurin kowa ba da farko. Shugabannin tsofaffin ƙungiyoyi sun yi kukan cewa yana kwashe musu yara da ƙarfin suna da kyaututtuka. Haka kuma shi kansa bai rabu da kotu ba. A 2007 aka yanke masa ɗaurin talala na shekara 5 da aikin yi wa jama'a hidima na awa 800 a kan laifin bindiga da tabar wiwi, kotu ta kuma yarda ya yi rabin awannin a gasar tasa. Wannan ya ba masu suka damar cewa wanke suna kawai yake nema.

Amsar wannan zargi tana cikin daɗewar gasar da kuma yaran da ta yaye. Ronnie Hillman ya ci kofin Super Bowl da ƙungiyar Denver Broncos a 2016. De'Anthony Thomas ya tashi daga Crenshaw Bears ya buga wa Jami'ar Oregon, sannan Kansas City Chiefs. John Ross shi ne na 9 a zaɓen sababbin 'yan wasa na babbar gasar NFL a 2017, shekarar da aka zaɓi JuJu Smith-Schuster shi ma. C.J. Stroud, wanda ya buga wa Pomona Steelers yana yaro, shi ne na 2 a zaɓen 2023, ya tafi Houston Texans. Mutumin da wanke suna kaɗai ya kawo shi da wuya ya yi shekara ashirin yana wannan ɗawainiya. A 2018 kamfanin Netflix ya nuna shirin Coach Snoop, inda jama'a suka gan shi yana yi wa yara faɗa da nasiha a bakin fili.

Duk da haka akwai inda horarwar ta ci tura, kuma a cikin gidansa ne. Ɗansa Cordell ya shahara a wasan har Jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles ta ɗauke shi a 2015, amma ya ajiye ƙwallo kafin ya buga wasa ko ɗaya. Daga baya ya bayyana cewa don neman soyayyar mahaifinsa ne yake bugawa. Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, sai dai wannan misali ya nuna ba kowane icce ne ke son ɓangaren da aka tanƙwara shi ba.

3.5 Kasuwanci da Sayen Death Row

Bayan gasar ta kafu, huldarsa da 'yan kasuwa ta sauya daga tallata kayan wasu zuwa sayen hannun jari. A 2014 ya zuba jari a kamfanin Reddit, a 2019 kuma a Klarna na ƙasar Suwidin. A 2015 yana cikin waɗanda suka kafa Casa Verde Capital, mai zuba jari a sana'ar tabar wiwi, ya kuma fitar da tasa mai suna Leafs by Snoop a jihar Kolorado, inda doka ta halatta sayar da ita. A 2018 ya buga littafin girke-girke, a 2022 kuma shi da Master P suka kafa kamfanin abinci na Broadus Foods.

Shi kuwa Death Row ya karye a 2006, aka yi gwanjonsa a 2009 a kan dala miliyan 18. Daga nan ya yi ta sauya hannu, har ya taɓa faɗawa ƙarƙashin Hasbro, kamfanin kayan wasan yara, a 2019. A watan Fabrairu na 2022 Snoop Dogg ya saye sunan kamfanin daga MNRK Music Group, kwanaki kaɗan kafin ya yi waƙa tare da Dr. Dre a hutun rabin lokaci na Super Bowl a Inglewood. Ba dukkan tsofaffin faya-fayan ne suka shiga cinikin ba, domin na Tupac Shakur suna wani hannun. Matakin farko da ya ɗauka shi ne janye waƙoƙin kamfanin daga manhajojin saurare ta intanet, yana kukan cewa abin da suke biyan mawaƙa bai taka kara ya karya ba, sai a 2023 ya mayar da su. Wato shekara 24 bayan ya bar kamfanin a matsayin yaro, ya dawo masa a matsayin maigida.

Canjin da sunansa ya samu ya fito fili a ƙasashen waje ma. A 2006 hukumomin Birtaniya suka hana shi shiga ƙasar bayan wata hatsaniya a filin jirgin sama na Heathrow, ba a ɗage hanin ba sai 2010. A 2024 kuwa shi ne wakilin gidan talabijin na NBC a gasar Olamfik ta Faris, har ya ɗauki fitilar gasar a Saint-Denis. A watan Yuli na 2025 ya shiga cikin masu mallakar ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Swansea City da ke yankin Wales na Birtaniyar.

3.6 Wasu Matsaloli

Akwai abubuwa biyu da bai kamata a rufe ido a kansu ba. Na farko, wani ɓangare na dukiyarsa daga tabar wiwi da giya yake fitowa. A 2024 shi da Dr. Dre suka fitar da giya mai suna Gin & Juice, wadda sunanta ya hau kan wasan jami'o'i na Arizona Bowl a ƙarshen shekarar. Mutumin da ke hana yara shaye-shaye a bakin fili shi ne kuma ke tallata su ga manya, ga shi yaran suna ganin tallan. Na biyu, shi kansa wasan yana da haɗari. Likitoci sun daɗe suna gargaɗi a kan illar yawan bugun kai ga ƙwaƙwalwa, har a 2024 aka tattauna wani ƙuduri a majalisar Kalifoniya na hana yara 'yan ƙasa da shekara 12 irin wasan da ake ka da juna, sai dai gwamna Gavin Newsom ya ce ba zai sa masa hannu ba. Bugu da ƙari, waɗanda suka kai NFL 'yan tsiraru ne idan aka kwatanta da dubban yaran da suka ratsa gasar. Saboda haka ma'aunin da ya fi dacewa da ita shi ne yawan waɗanda ta riƙe a makaranta ta kuma raba su da titi.

3.7 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda Snoop Dogg ya taso a Long Beach, ya shahara a Death Row ba tare da ya mallaki aikinsa ba, ya koyi mallaka a hannun Master P, ya kafa gasar yara a 2005, ya kuma saye tsohon kamfaninsa a 2022. An ga cewa bai bar waƙa ba, sai dai ta koma jari guda daga cikin jarinsa. An kuma nuna saɓanin da ke tsakanin wasu kayan da yake sayarwa da tarbiyyar da yake koyarwa. Babi na gaba zai dubi yadda waɗannan sauye-sauye suka bayyana a jigogin waƙoƙinsa.