Baiwa da Baiwa: Tawali'u da Darajar Mace a Tunanin Kiristocin Ƙasar Maraɗi

A rubutun boko kalmar "baiwa" fuska biyu gare ta. Akwai baiwar da Allah ke yi wa mutum, wato basira, murya, hannun sana'a ko iya magana, wadda tushenta bayarwa. Akwai kuma baiwa macen bawa, wadda tushenta bauta. Ta biyun ba tatsuniya ba ce a Nijar. Sai a 2003 doka ta haramta bauta da hukunci bayyananne, kuma a watan Oktoba na 2008 kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta yanke hukunci a shari'ar Hadijatu Mani, wadda aka sayar tana 'yar shekara 12 aka mai da ita wahaya a yankin Birnin Ƙonni. Don haka idan mai wa'azi ya tsaya ranar Lahadi ya ce kowa ya ƙasƙantar da kansa game da baiwarsa, ya kamata mu tambaya: wace baiwa ce ke shiga kunnen matan da ke zaune a ɓangarensu?

Na zaɓi in dubi wannan tambaya daga Ajekoriya, ƙaramar hukumar karkara a gundumar Dakoro, arewacin jihar Maraɗi. Ƙasa ce ta hatsi da dawa da wake, inda noma ke haɗuwa da kiwo, Hausawa da Fulani da Buzaye suna cin kasuwa ɗaya. Kiristoci a irin wannan wuri 'yan ƙalilan ne, domin ƙidayar 2012 ta nuna ba su kai kashi 1 cikin 100 na mutanen Nijar ba. Amma tarihinsu a yankin ya kai kimanin shekara ɗari. Mishan ɗin SIM ta sauka a Damagaram a 1924, ta buɗe tasha a Tsibiri kusa da Maraɗi a 1927, sai asibitin Galmi a 1950 da na Danja mai kula da kutare a 1956. Daga wannan aiki aka sami ikilisiyar EERN a daidai lokacin samun 'yancin kai, Katolika kuma suka kafa dayosis na Maraɗi a 2001. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa tun 1932. Ma'anar wannan ita ce Kirista na ƙasar Dakoro da Hausa yake karatu, da Hausa yake addu'a, rijiya ɗaya yake sha da maƙwabcinsa Musulmi. Kalmomin "tawali'u", "haƙuri" da "kunya" ba a majami'a ya fara jin su ba, a bakin kakarsa ya ji su, kuma da nauyin da suka ɗauko daga gida suke shiga wa'azi.

Nassin da aka fi jawowa kan baiwa shi ne misalin talanti a Matiyu sura 25. Wani maigida zai yi tafiya, ya damƙa wa barorinsa uku dukiya: ɗaya talanti 5, ɗaya 2, ɗaya 1. Talanti awon kuɗi ne mai nauyi, kimanin dinari 6,000, wato ladan ɗan ƙodago na kusan shekara 20. Ko wanda aka ba ɗaya ba a raina shi ba. Biyu suka juya nasu suka ninka, na ukun ya haƙa rami ya binne. Abin lura shi ne maigidan bai tuhumi kowa da ƙarancin abin da aka ba shi ba, bai kuma tuhumi masu riba da girman kai ba. Wanda ya ɓoye shi ne ya sha faɗa. Manzo Bulus ya ƙara haske a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korantiyawa, sura 4, inda ya tunatar da masu fahariya cewa duk abin da ke hannunsu karɓa suka yi. Idan aka haɗa nassoshin biyu, tawali'u ba ɓoye baiwa ba ne. Sanin mai ita ne.

Mutanen Dakoro ba su bukatar dogon bayani a nan, domin sun san habbanaye. Makiyayi yakan ba ɗan'uwansa da ya rasa dabba aron saniya ko akuya, ta haihu a hannunsa, ya riƙe 'ya'yan, ya mayar da uwar. Wanda aka ba habbanaye ba ya bugun ƙirji a kasuwa ya ce saniyarsa ce, wannan rashin kunya ne. Amma kuma ba ya ɗaure ta a turke ya hana ta kiwo wai don ba tasa ba ce, wannan cin amana ne. Yana yi mata ɗawainiya fiye da tasa, saboda idon mai ita. Ban san misalin da ya fi wannan kama ruhin Matiyu 25 ba. Kuma yana da reshe na biyu wanda ba a cika faɗa ba: idan ka ga saniyar habbanaye a gidan maƙwabcinka ka jefe ta, ba maƙwabcin kaɗai ka ɓata wa ba, har da wanda ya ba shi. Duk wanda ya yarda cewa baiwarsa aro ce, dole ya yarda baiwar matarsa da ta 'yarsa daga hannu ɗaya suka fito.

A nan ne al'ada ke shigowa. Kunya da kawaici ado ne na Bahaushe, ba na cikin masu ganin a zubar da su. Uwar da ba ta kiran sunan ɗan farinta, matar da ke sakaya sunan mai gidanta, duk suna riƙe da wani ladabi da ya raini al'umma. Sai dai kayan ba a raba su daidai ba. Ranar da za a kai amarya, gargaɗin da tsofaffi ke nanata mata shi ne yi-na-yi, bari-na-bari, da haƙuri. Ango ba ya samun rabin wannan. To, idan kalmar "tawali'u" ta sauko daga mumbari, namiji yakan ji "kada ka cika baki", mace kuma ta ji "ki yi shiru". Wa'azi ɗaya, saƙo biyu.

Nassin kansa bai goyi bayan wannan rabo ba. Tawali'un da Sabon Alkawari ya ɗora a matsayin abin koyi daga sama yake gangarowa. Filibiyawa sura 2 ta yi maganar Almasihu wanda yake da ɗaukaka ya ajiye ta, ya ɗauki matsayin bawa. A Yahaya sura 13 malamin ne ya ɗaura zane ya wanke ƙafafun almajiransa, aikin da a gidajen wancan zamani bayi ke yi. Mai tsayi ake ce wa ya sunkuya. Matar da ta tashi tun asuba ta yi surfe da daka, ta ja guga a rijiya mai zurfi irin ta arewa, ta kai fura gona, ta dawo da itace a ka, ba ita ce farkon wadda wannan sura ke nuna wa yatsa ba. Ita ta riga ta san wankin ƙafa. Maryamu uwar Yesu ma, wadda ta kira kanta baiwar Ubangiji a Luka sura 1, a cikin wannan surar ce ta buɗe baki ta yi doguwar waƙar yabo kan yadda Allah ke sauke masu iko ya ɗaga ƙasƙantattu. Zamanta baiwa ga Allah bai rufe mata baki a gaban mutane ba.

Labarin da ya ɗaure zaren biyu wuri ɗaya, a ganina, shi ne na Afolos a Ayyukan Manzanni sura 18. Mutumin Iskandariya ne, birnin ilimi, ga iya magana ga sanin Littattafai. Ya zo Afisa yana wa'azi da zafi, amma akwai giɓi a saninsa. Wasu masu ɗinkin tanti, Bilkisu da mijinta Akila, suka saurare shi, suka ja shi gefe suka ƙara masa bayani. Ba su kunyata shi a taro ba, wannan kawaicinsu ne. Shi kuma bai ce "mace ce za ta koya mini?" ba, wannan tawali'unsa ne. Daga nan ya wuce Akaya ya zama mai amfani ƙwarai ga ikilisiya. Gwajin tawali'un mai baiwa bai zo masa ta hannun sarki ko babban malami ba, ta bakin mace mai sana'ar hannu ya zo. Mutum na iya durƙusa wa na gaba da shi don tsoro ko kwaɗayi. Karɓar gyara daga wadda al'ada ta ajiye a bayanka, shi ne abin da ba a iya yi da riya.

Ba zan kauce wa nassoshi masu wuya ba. 1 Timoti sura 2 da 1 Korantiyawa sura 14 sun taƙaita maganar mata a taron sujada, kuma ikilisiyoyin da suka fito daga SIM sun daɗe suna barin aikin fasto ga maza. Masana sun rabu: wasu na ganin doka ce ta kowane zamani, wasu na ganin magani ne na wata matsala ta Afisa da Koranti, suna kafa hujja da Fibi mai hidima da sauran matan da Bulus ya yaba wa aikinsu a Romawa sura 16. Ko da mutum ya riƙe fassara mai tsauri, iyakarta mumbari. Ba ta ce a cire yarinya daga lakwal ba, ba ta ce kuɗin ƙuli-ƙulin mace na mijinta ne ba, ba ta ba kowa izinin ɗaga hannu ba. 1 Bitrus sura 3 ma ta ɗaure karɓuwar addu'ar miji da yadda yake girmama matarsa. Wannan aya ta cancanci a yi mata wa'azi sau da yawa kamar yadda ake yi wa ayoyin biyayya.

Tarihin ikilisiya a ƙasar Maraɗi, wanda masaniyar tarihi Barbara Cooper ta bi diddiginsa a littafinta na 2006, yana da haske da inuwa. Mata 'yan mishan sun ɗauki kaso mai yawa na aikin jinya da koyarwa, 'yan mata sun koyi karatu don su iya buɗe Littafi da kansu. A ɗaya gefen, tsayawar mishan kan auren mace ɗaya ta jefa masu tuba da ke da mata biyu cikin tsaka mai wuya, kuma wadda ta fi shan wahalar wannan ƙa'ida sau da yawa ita ce matar da ba a tambayi ra'ayinta ba. Yau duk wanda ya san majami'un Hausa ya san Zumuntar Mata ce ƙashin bayansu: su ne masu waƙa, masu gaida marasa lafiya, masu girkin taro, masu harhaɗa baiko in za a yi rufin ɗaki. Ana yaba musu. Amma yabo daban, shawara daban. Matan Nijar sun nuna sun san bambancin ranar 13 ga Mayu 1991, da suka yi tattaki a Yamai saboda mace ɗaya tak aka sa a kwamitin shirya babban taron ƙasa. Kuma ba baƙon abu suka nema ba: Tsibirin da mishan ta zauna tana da sarautar Inna ta Gobir, Maraɗi tana da Iya, kuma a ɓangaren Musulunci Nana Asma'u ta tura jajis ɗinta ƙauyuka suna karantar da mata tun ƙarni na 19.

Idan aka sauko ƙasa, a gona da makaranta ake binne talanti. A al'ada mace tana da gamana, 'yar gonarta ban da gandun gida, daga nan take samun na cefane da na biki. A kudancin jihar Maraɗi, inda ƙasa ta yi wa jama'a kaɗan, masu bincike sun rubuta abin da mutane ke kira kublen gona, wato a hana mace fita noma don babu filin da za a ba ta. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 kuma ya nuna kashi 76 cikin 100 na 'yan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, a jihar Maraɗi adadin ya kai 89. Gwamnati ta fitar da doka a Disambar 2017 don riƙe 'yan mata a makaranta har shekara 16. Baran da ke cikin misalin Matiyu 25, talantinsa ya binne. Uban da ya cire 'yarsa mai ƙoƙari daga aji, talantin wani ya haƙa wa rami, kuma wannan abin yana ci mini rai domin mai ramin yakan ɗauka tarbiyya yake yi.

A wannan jiha dai aka ga abin da ke faruwa in an bar mata su juya nasu. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a ƙauyukan Maraɗi, bisa tushen adashin da mata suka riga suka iya: zubi kowane mako, asusu mai makulli, bashi da ɗan ƙari, rabo a ƙarshen zagaye. Matan da yawancinsu ba su yi boko ba suka riƙe lissafi a ka, tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Ba shirin ikilisiya ba ne, mafi yawan matan Musulmi ne, amma duk dattijon ikilisiya da ke shakkar ba mace ajiyar kuɗin majami'a ya je ya zauna a taronsu rana ɗaya.

Akwai dalili na ƙarshe da ya shafi Kiristocin wannan yanki musamman. A tarzomar Nuwamban 2000 a Maraɗi, wadda ta tashi kan bikin nuna tufafi na FIMA, an kai hari kan majami'a, an kuma kai hari kan gidajen mata marasa aure a rana ɗaya. Jama'ar da ta ɗanɗani raini saboda ƙarancinta ta san yadda yake a yi magana a kanka ba tare da kai ba. A ƙaramar majami'a ta karkara, inda masu sujada ba su cika tabarma uku ba, kowa ya san wadda ta fi iya karatu, wadda ta fi iya lissafi, da wadda maganarta ke kashe rigima. Bayan an tashi sujada dattawa sukan koma gindin itace su tsara aikin mako, ita kuma tana can tana naɗe tabarmi.