Haƙƙin Jama'a a kan Mai Dukiya: Daga Ƙofar Dundaye zuwa Kalambaina

A cikin wannan takarda za mu duba yadda ma'anar haƙƙin jama'a a kan 'yan kasuwa ta sauya a Sakkwato. Masana na Turai da Amurka sukan fara tarihin wannan batu daga littafin Howard Bowen na 1953, da kuma raddin Milton Friedman na 1970, wanda ya ce aikin kamfani shi ne neman riba bisa doka. Mu a namu ganin, zancen ya riga wannan lokaci a ƙasar Hausa.

Sa'ad da Muhammadu Bello ya fara ginin Sakkwato a 1809, an kewaye birnin da ganuwa, wadda daga baya ƙofofinta suka kai takwas, cikinsu har da Ƙofar Dundaye. Falke ko majemin da ke zaune bayan wannan ƙofa, shari'a ta ɗora masa zakka, watau ɗaya bisa arba'in na dukiyar ciniki. Hisba tana duba mudunsa. Maƙwabta kuma sun san gidansa. In ya hana, kunya ta ishe shi. Ke nan abin da yake bayarwa bashi ne a wuyansa.

Zuwan kamfani ya canja wannan tsari. An kafa Kamfanin Siminti na Arewa a 1962, ya fara aiki a Kalambaina a 1967, yau kuwa masana'antar tana hannun BUA. Kamfani ba shi da unguwa, masu hannun jarinsa suna nesa, alhali ƙura da haƙar dutse suna kan manoman da ke kusa. In ya gina rijiya ko makaranta, sai a kira abin alheri, a yi godiya.

Doka ta soma mai da alherin wajibi: harajin ilimi na kashi 2 cikin ɗari na ribar kamfanoni a 1993, da kashi 3 na kuɗin gudanarwa da dokar man fetur ta 2021 ta keɓe wa al'ummomin da ake haƙo mai a ƙasarsu. Dokar 2021 ba ta shafi siminti ba. Saboda haka muna ganin ya kamata a koma ga ma'anar farko, domin kyauta ana iya janye ta, amma haƙƙi mai shi yana iya bin sa har gaban alƙali.