Hanyar Santambul ta Bi ta Zango: Yadda Damagaram ta San Turkawa

Tun watan Yulin 2024, da ministan harkokin wajen Turkiyya Hakan Fidan ya sauka a Yamai tare da ministan tsaro da na makamashi da shugaban hukumar leƙen asiri, maganar Turkawa ta ƙi barin bakin mutane. Dama akwai abin faɗa: ofishin jakadanci da aka buɗe a 2012, ziyarar Erdogan a 2013, filin jirgin Diori Hamani da kamfanin Summa ya sabunta a 2019, ga kuma jiragen Bayraktar marasa matuƙa. A fadojin shayi na Zinder ra'ayi ya rabu biyu. Wasu na cewa tsohon zumunci ne aka farfaɗo da shi, tun na zamanin Santambul. Wasu kuwa na ganin baƙi ne na jiya jiya, ciniki ya kawo su kamar kowa. Kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya, domin alaƙar ta daɗe, amma ba Turkawa ne suka ɗauke ta a kafaɗarsu ba. Raƙumi ne ya ɗauke ta, geron ƙauye kuma ya ciyar da ita.

Farkon labarin duhu ne. Mutanen Abzin na ba da labarin cewa ƙabilun Buzaye sun aika Santambul neman wanda zai raba musu gardama, aka ba su Yunus, ya zama sarkin Agadas na farko a wajajen 1405. Labari ne mai martaba, sai dai Santambul ba ta shiga hannun Turkawa ba sai 1453. Abin da takarda ta tabbatar ya zo daga baya: Daular Usmaniyya (ta Santambul ake nufi, ba ta Shehu Ɗan Fodiyo ba, tunda Hausa suna ɗaya take ba su) ta kama Tarabulus a 1551, Mai Idris Alauma na Borno ya yi musayar wasiƙu da Sarki Murad na Uku a shekarun 1570, limaminsa Ibn Furtuwa kuma ya rubuta cewa akwai Turkawa 'yan bindiga a rundunar Mai. A lokacin babu Damagaram tukuna. Sai wajajen 1731 Malam Yunus ya kafa gidan sarautar a ƙarƙashin inuwar Borno, Zinder kuma ba ta zama mazaunin sarki ba sai farkon ƙarni na 19, zamanin Sarki Sulaiman.

Daga 1835 ne abubuwa suka fito fili. A shekarar Santambul ta kawar da gidan Karamanli, ta karɓi mulkin Tarabulus da hannunta. Farkon shekarun 1840 ta aika ma'aikata Murzuk da Gadamas, a 1875 kuma ta ajiye dakaru a Gat. A wannan hanya iyakarta ke nan. Ba a taɓa naɗa hakimin Turkawa a Damagaram ba, ba a kuma taɓa kai harajin Zinder Santambul ba, Kukawa ta Borno ake kai wa. Amma duk ƙullin kayan da ya nufi Zinder daga arewa sai ya bi ta ƙofar da Turkawa ke tsare da ita, kuma manyan attajiran hanyar, mutanen Gadamas, talakawan Sarkin Santambul ne. Su Hausawa suka fara kira Turawa, tun ba a san Faransa da Ingila ba. Unguwar Dandalin Turawa da ke Kano ta Larabawan nan ce.

Wanda ke son ganin yadda tafiyar take sai ya bi sawun matafiyan Turai James Richardson da Heinrich Barth. Sun bar Tarabulus a watan Maris na 1850, suka bi ta Murzuk da Gat da duwatsun Abzin, ba su taka Damargu ba sai Janairun 1851. Wata goma ke nan, har da zaman jira, domin a hamada ba a tafiya sai da izinin masu ƙasa. Takardar gwamnan Tarabulus tana aiki har Murzuk, a Abzin kuwa maganar Annur, shugaban Buzayen Kel Ewey, ita ce ke tsare ran matafiyi, kuma cikin ayarin gishirinsa suka gangaro kudu. A Damargu suka rabu, Richardson ya shiga Zinder a tsakiyar Janairu, zamanin Sarki Ibrahim, ya rasu bayan wata biyu a kan hanyar Kukawa. Barth ya iso Zinder a ƙarshen Disamban 1852, ya yi fiye da wata yana jiran saƙo daga arewa. Da saƙon ya zo, kuɗin azurfa ne aka ɓoye cikin akwatunan sukari, don kada idon 'yan fashi ya kai gare su. A kasuwar garin ya juya kuɗin zuwa alkyabbu da rawuna da madubai na gaisuwar sarakunan da ke gabansa. Wato a 1853 mutum na iya haɗa kyautar da ta isa fadar Sakkwato ba tare da ya bar Zinder ba.

Ayari ba ya shiga Birni da kayansa. Birni na sarki ne da fadawa, bayan ganuwa. Baƙo a Zango yake sauke akumari, a gidan fatoma, wanda zai ba shi masauki, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa idan an yi rikicin bashi. A nan ake kwance tayukan fata, a fito da takardar rubutu ta Italiya mai tambarin wata uku wadda malamai ke kwafar Alƙur'ani a kai, da alharini, da duwatsun wuya, da turare, da kanumfari, da allura, da kaifin takobi, da jar dara ta Tunis. Ita darar ma tana da nata labarin: a 1829 Sarki Mahmud na Biyu ya mayar da jar hula tufar ma'aikatan daularsa, ga ta kuma a ƙarƙashin rawanin hakimai da attajiran ƙasar Hausa. Bafaden da ya ɗora ta a ka bai taɓa ganin Baturke ba, amma hularsu ɗaya da magatakardan Santambul.

Sai dai masu ba da wannan labari kan tsaya a kan attajirai da sarakuna, su manta da wanda ya sa tafiyar ta yiwu. Raƙumi ba ya cin alharini. Ayarin da ya ƙetare hamada yana isowa da yunwa, kuma Damargu, ƙasar da Tanut take a yau, ita ce rumbunsa. Geron manomanta ake auna wa madugu, da shi kuma ayarin kaka ke ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, ya dawo da kantun gishiri da dabino. Da rani Buzaye su gangaro Damagaram da Kano, raƙuma su kwana a gonakin da aka girbe, su ci kara su bar taki, mai gona ya samu gishirin shekara. Matan ƙauye ne ke daka gumbar guzuri. Makiyaya ne suka ba da fatar akuya, majema suka jeme ta da bagaruwa, dukawa suka ɗinka salka da taiki. Maharba da masu kiwon jimina a gida ne suka samar da gashin da matan Paris da Landan suka yi ado da shi. Sunan ko ɗaya daga cikinsu bai shiga wasiƙar sarki ba, kuma wannan rashin adalci ne da ya kamata masu rubuta tarihin ƙasar nan su gyara.

Ƙauyen ne kuma ya biya mafi tsadar farashi. Richardson ya shaida yadda sarkin Zinder ke fita hari a kan garuruwan da ke kusa, ya dawo da bayi, ya biya bashin 'yan kasuwa da su. Yara da mata ne suka fi yawa a cikin waɗanda aka kora da ƙafa zuwa Murzuk da Tarabulus. Santambul ta haramta cinikin a 1857, amma haramcin bai tsayar da shi nan take ba, kaucewa idon hukuma kawai ya yi. Duk wanda zai yi alfahari da tsohon zumunci, wajibi ne ya ambaci waɗannan bayin Allah.

Zamanin Tanimun, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884, shi ne ƙololuwar abin. Ya gina ganuwa, ya tara bindigogi, maƙeransa suka zuba igwa a cikin gari, ya shimfiɗa ikonsa har Muniyo. Cinikin arewa ne ya ba shi wannan ƙarfi, musamman a shekarun 1870 da gashin jimina ya yi tsada a Turai. Santambul ta waiwayo kudu da gaske ne bayan Faransa da Ingila sun ja layinsu daga Say zuwa Barruwa a watan Agustan 1890. A Oktoban shekarar ta aika takarda tana cewa ƙasashen bayan Tarabulus har Borno da Kanem nata ne. Babu wanda ya saurare ta.

To me ya kashe hanyar? Amsar da aka fi ji ita ce Faransa: an kashe Kyaftin Cazemajou a Zinder a 1898, aka yi yaƙin Tirmini a ƙarshen Yulin 1899, Sarki Ahmadu Kuran Daga ya rasa ƙasarsa da ransa. Wasu kuma na ɗora laifin a kan Italiya, wadda ta far wa Tarabulus a 1911, Turkawa suka sakar mata ƙasar a 1912. Duka biyun sun yi ɓarna, amma ba su ne suka yanke jijiyar ba. Ayari ya ci gaba da zuwa fiye da shekara goma bayan Tirmini, manyan attajiran Zango irin su Malam Yaro suna nan da harkarsu. Ciwon ya fara tun shekarun 1880, da gonakin jimina na Afirka ta Kudu suka karya farashin gashi. Ajalin kuwa jirgin ƙasa ne, wanda ya iso Kano a 1911. Fatar da ke shan watanni a doron raƙumi ta koma kwanaki kaɗan zuwa Legas, jirgin ruwa ya ƙarasa da ita, a kuɗi ƙalilan. Su kansu mutanen Gadamas da ke zaune Kano suka koma aika kayansu ta teku. Ɗan kasuwa ba ya barin hanya saboda an sauya tuta, asara ce ke korarsa. Zinder, da ke nisan kilomita kusan 240 daga Kano, ta juya fuskarta kudu, manoman Magarya da Matamaye kuma suka shiga noman gyaɗa.

Sunan Sarkin Santambul ya sake tashi sau ɗaya. A yaƙin duniya na farko, da ɗariƙar Sanusiyya ta haɗa kai da Turkawa, wani jagoran Buzaye, Kawusan, ya kewaye barikin Faransa a Agadas daga Disamban 1916 zuwa Maris na 1917, da goyon bayan Sarki Tagama na Agadas. Daga Zinder rundunar da ta karya shi ta taso. Ramuwar da ta biyo baya ta ci malamai da dattawa, ta kuma gama da garken raƙuman Abzin, waɗanda su ne ƙafafun hanyar. A 1926 aka ɗauke babban birnin ƙasa daga Zinder zuwa Yamai.

Yau ɗan kasuwar Zinder da ke son sayo tufafi a Santambul kan yi kilomita kusan 900 a mota zuwa Yamai kafin ya hau jirgi, kayansa kuma su biyo shi a kwantena ta tashar teku. Ayarin Bilma dai bai daina ba. Ya ragu, motoci sun ƙwace masa mafi yawan lodi, amma da rani har yanzu kantun gishiri na isowa kasuwannin Damargu da Damagaram, naɗe cikin tabarmar kaba, mai shi kuma gero yake nema ya koma da shi arewa.