Ina Baiwar Mawaƙi Take?

Idan Bahaushe ya ce mawaƙi yana da baiwa, galibi zaƙin murya yake nufi, ko kuma gado. Duka biyun suna da gurbinsu, sai dai tarihin manyan makaɗanmu na ƙarni na 20 bai yarda a ɗauki ɗayansu a matsayin ma'auni ba. Abin da ayyukansu suka fi nunawa shi ne kaifin kunne da hanzarin tunani, wato sanin kalmar da ta dace da wanda ake wa waƙa a wannan zama, da iya ɗora ta bisa kiɗa ba tare da karin sautinta ya karye ba.

Mu fara da gado. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, a gidan kiɗa ya buɗe ido. Mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗin noma ne, kuma Musa ya daɗe yana amshi a bayansa da bayan yayansa Abdu Kurna kafin ya ja tasa ƙungiyar. Mamman Shata kuwa, haifaffen Musawa a 1923, bai gaji waƙa ba, mahaifinsa ma bai so ya yi ta ba. Dukansu sun kai ƙololuwa, ga kuma ɗimbin 'ya'yan makaɗa da suka gaji kotso da kalangu amma ba wanda ke tuna sunayensu. Ashe gado makaranta yake bai wa yaro tun da wuri, ba ya lamunce masa fice. Haka batun murya yake. An yi masu muryar da ta fi ta Shata laushi, amma Shata ne Ɗandatti Abdulƙadir ya yi nazarin digirinsa na uku a kansa a 1975, shi ne kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta karrama da digirin girmamawa a 1988, abin da ya bambanta shi kuwa shi ne yadda yake ƙaga waƙa nan take a gaban jama'a. Duk wanda ya saurari Bakandamiyarsa a faifai daban-daban zai ji amshi ɗaya ne, ɗiyan waƙar kuwa suna sauyawa gwargwadon wuri da mahalarta.

Wani zai ce wannan ai gogewa ce, duk wanda ya daɗe a fage zai same ta. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin babu ɗaya daga cikin waɗannan mutane da ya yi fice ba tare da doguwar wahala ba. Amma 'yan amshin da suka kwashe shekaru a gefen Shata sun ji duk abin da ya ji, sun je duk inda ya je, ba su kuwa zama shi ba. Ɗan Maraya Jos ya ƙara fito da hujjar fili, domin da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya riƙe masu sauraro, babu 'yan amshin da za su rufa masa asiri idan kalma ta kuɓuce. Mai cewa baiwa kyauta ce daga Allah, don haka ba ta nazartuwa, shi ma bai rushe komai ba: yarda da Mai bayarwa ba ta hana a siffanta abin da aka bayar.

Yau kwamfuta tana gyara murya a ɗakin ɗaukar waƙa, tana kuma samar da kiɗa, saboda haka faifai ya daina zama shaidar da za a dogara da ita. Ya kamata masu shirya gasa da manazarta a sassan Hausa na jami'o'inmu su riƙa sa mawaƙi ya tsaya gaban jama'a da makaɗa, a ba shi jigo nan take, sannan a yanke masa hukunci.