Fistin da zobe: Abin da ke kashe injin tsere mai arha

A tseren motoci na gajeren zango a Amurka, nisan da aka saba mita 402 ne, amma ya isa ya halaka inji. Mai ƙaramin jari yakan sayi fistin na zubi mai yawan silikon saboda arharsa, sai dai yakan tsage idan ƙunar mai ta kauce wa ƙa'ida. Fistin na ƙira ya fi tsada da juriya, shi ya dace da mai amfani da iskar nitros.

Zobe kuwa giɓinsa ne abin lura. Zafi na sa ƙarfe ya buɗe. Idan bakunan zoben suka haɗe, sai su ɓalle gefen fistin. A injin Chevrolet 350, mai faɗin silinda inci 4, akan bar wa zoben sama giɓin kusan inci 0.018.