Daga Tsoron Iska zuwa Neman Lada: Itatuwan Faru

Wanda ya karanta tarihin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya san sunan Faru. A ƙarshen shekarun 1780 Shehu ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara, kamar yadda ƙanensa Abdullahi ya ba da labari a Tazyinul Waraƙat, kuma garinmu Faru yana cikin wuraren da ya zauna. A wannan zamanin ne Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya kira shi Magami da Babbar Salla. Wannan duk an sani. Ni abin da nake so a duba shi ne yadda wancan wa'azi ya taɓa itatuwan ƙasar nan.

Kafin addini ya zauna da gindinsa, tsoro ne ke gadin babban itace. Tsamiya da kuka ana ganin gidajen iskoki ne, ana yanka a gindinsu, ba mai ƙarfin halin ɗaga musu gatari. A Kano ma, tarihi ya nuna sai da aka sare wani itacen tsafi a zamanin Muhammadu Rumfa aka gina masallaci a gurbinsa. Shehu ya yaƙi wannan aƙida, a Nurul Albab ya yi tir da masu yanka wa duwatsu da itatuwa. Amma malamai ba su bar itace babu mai tsaro ba. Shingen tsoro suka cire, suka kafa na shari'a da neman lada.

Ɗalibin zaure ya san wannan shinge. Alƙur'ani ya ambaci dabino, inabi, zaitun, rumman, ɓaure da magarya. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Musulmin da ya dasa itace, duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi sadaka ce a gare shi. A Muwaɗɗa ta Imam Malik, Sayyidina Abubakar ya hana rundunar da ya tura Sham sare itace mai 'ya'ya, alhali yaƙi za su. Risala tana da hukuncin musaƙa, wato ka ba wani itatuwanka ya shayar, ya kula, ku raba amfani, kamar yadda Annabi (SAW) ya yi da mutanen Haibara. Har yau da ganyen magarya muke wankan gawa, da dabino muke buɗa baki.

A gonakin kakanninmu wannan karatu ya zama aiki. Mai sassabe yana ƙyale ɗorawa, kaɗanya, kanya, ɗinya, aduwa da faru. Daddawa, man kaɗe, kunun tsamiya da miyar kuka duk daga nan suke, kuma su ne rufin asirin mata a shekarar da gero ya gaza. Kakana yakan ce, "Iccen da ka iske a gona amana ne, ba kai ka shuka ba." Kaɗanya tana iya kai shekara 15 ba ta fara 'ya'ya ba, don haka mai barinta jikokinsa yake yi wa aiki. Taki kuwa, bayan girbi Fulani su sauka da shanu su kwana a gona, gawo ya zubar da ganyensa da damina, jakuna su kawo juji da toka daga gari.

Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, ta canza fuskar ƙasar. Da aka baje filaye domin noman rani a wajajen Talata Mafara da Bakura, itatuwa masu amfani da yawa sun tafi, kuma maganar diyya tana cikin abin da ya kai ga zubar da jinin manoma a 1980. Ruwan ya taimaki mangwaro, gwaba da lemo, waɗanda baƙi ne a nan: mangwaro daga Indiya, gwaba daga nahiyar Amurka. Yau kuma masu gawayi suna cin sauran, rashin tsaro ya raba mutane da gonakin nesa. Tsoron iska ya tafi, neman ladan ma ya yi sanyi.

Niyya kaɗai ba ta raya itace. Muslim ya ruwaito yadda dabinon Madina ya ƙi yin kyau shekarar da aka daina sa furen namiji a cikin na mace, Annabi (SAW) ya mayar da al'amarin ga masu sanin sana'ar. To ga abin da masu sana'ar nan suka koya mini. A haƙa rami kamu guda faɗi da zurfi tun bazara, a cakuɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki, a dasa in damina ta kankama. Ɗanyen kashin shanu yana ƙona saiwa, yana kiran gara. In itace ya girma, a zuba taki a kewayen da inuwarsa ta tsaya, ba a jikin gindi ba, domin can ƙananan saiwoyi suke ci. A kewaye dashe da ƙaya saboda awaki, a rufe gindi da ciyawa, da rani a binne tsohon tulu kusa da shi a riƙa cikawa. A datse rassa da wuri, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mangwaro mai aure yakan yi 'ya'ya a shekara uku zuwa huɗu, na ƙwallo ya fi daɗewa. A rage masa ruwa gab da fure, kada a cika masa takin zamani, in ba haka ba ganye zai tara. Kuma a tuna shari'a ta hana sayar da 'ya'yan itace kafin alamar nuna ta bayyana, abin da wasu masu lambu ke yi tun mangwaro yana fure.

Roƙona ga limamai da malaman Islamiyya na Maradun, Bakura da Talata Mafara shi ne su mayar da wannan babi cikin huɗuba da darasi. Kowane masallaci da makaranta su dasa, su kuma damƙa kowane dashe a hannun mutum guda da zai shayar da shi har ya wuce bakin akuya. In gonar daji ta yi wuyar zuwa, tsakar gida da ƙofar gida suna nan.